Shekarar da Na Mai da Kaka Mai Burukutu

Shekarata goma sha bakwai a duniya, kuma a ganina duk wanda ya kai haka a gidanmu, muciyar Mamanmu ba ta ƙarasa shi ba, ya isa ya zauna ya rubuta tarihinsa. Ba zan ɓata takarda a kan ranar da aka haife ni ko makarantun da suka yi haƙuri da ni ba. Shekara ɗaya nake so in gyara labarinta, domin ƙanena Yohanna ya fara yaɗa shi a karkace, yana ƙara gishiri a inda ni da kaina na riga na juye buhu guda. To, Yohanna, da ku 'ya'yan da zan haifa idan an sami mai ƙarfin halin aurena, ku ji daga bakin mai laifin: ni Rifkatu ce na mai da kakarmu Saratu mai dafa burukutu, tsohuwar da ko warinsa ta ji sai ta tofar da yawu.

Mu 'yan Metodis ne tun kaka da kakanni. A cocinmu na Kafanchan, Lahadin farko na kowane wata ake yin Jibin Ubangiji. A shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, a jera ƙananan kofuna a tire mai ramuka, kofunan da ko kaza ta sha ba za ta ce ta jiƙa maƙogwaro ba. Mutane su fita layi-layi su durƙusa a gaba, Rabaran ya bi su da gurasa da ruwan inabi. Mu 'yan gari mun saba, wata ya kama, Jibi ya zo. Amma a ƙauyen Kaka, can bayan Godogodo, ba haka ba ne. Rabaran ɗaya ke zagaya ikilisiyoyi da yawa a kan mashin, mai wa'azin ƙauye kuwa ba shi da izinin raba Jibi. Don haka sau ɗaya a wata uku suke samu, in rafi ya cika ma sai su ƙara haƙuri. Ranar da Rabaran zai zo, ƙauyen nan har awaki sai sun san da baƙo.

Tun kafin a haifi Babanmu, Kaka ce ke wanke kofunan Jibi a ƙauyen. Makullin akwatinsu yana ɗaure a bakin zaninta, ta fi kula da shi fiye da haƙoranta, shi ya sa makullin ya rage haƙoran suka tafi. Tana kuma da wata al'ada da kowa ya san ta da ita. Ranar Asabar kafin Jibi, sai ta yi wanka, ta ɗaura zani mai tsabta, ta bi gida-gida wurin duk wanda suka sami saɓani da shi a cikin wata ukun nan. Wanda akuyarsa ta ci mata masara ta zage shi, wadda suka yi cacar baki a rafi, duk sai ta je ta ce a yafe mata, ita ma ta yafe. Da yake bakin Kaka ba ya hutu, wani lokaci zagayen nan kan kai ta tun hantsi har rana ta yi sanyi. Mutane na cewa daga wurinta na gado baki. Zagayen ne ban gada ba.

A shekarar da nake ba ku labari, Kaka ta zame a gonar citta ta karya ƙafa. Baba ya je ya ɗauko ta ya kawo ta gidanmu, tana faɗa tun daga ƙauye har ƙofar asibiti. Wata biyu tana kwance. Da ta fara takawa da sanda, sai ta ce a kai ta coci, kuma aka yi sa'a ranar Lahadin farko ce. Aka buɗe farin ƙyalle, layin mata ya tashi, Mamanmu ta miƙa mata hannu. Kaka ta girgiza kai, ta zauna daram kamar an dasa ta a bencin. Muka ce ƙafa ce. Wata ya zagayo, ƙafa ta yi sauƙi har tana korar kaji da sanda, aka sake Jibi, ta sake zama. To, ku da ba ku sani ba, a wurinmu babba ya zauna ana Jibi ba ƙaramar magana ba ce. Wanda dattawa suka sa a horo saboda wani laifi shi ke zama. Sai idanu suka fara juyowa, wuyan wasu matan har ƙara yake yi.

Ranar Talata na je ɗiban ruwa a famfon unguwa, sai ga Maman Dogara, wata 'yar zumuntar mata wadda in ta ji magana da safe, kafin azahar an ji ta a Kachia. Ta taya ni ɗora bokiti, abin da ba ta taɓa yi ba, ta rage murya.

"Rifi, 'yata, ni fa ba gulma nake so ba. Addu'a nake so in yi mata. Me ya hana Kaka zuwa teburin Ubangiji?"

Da na ce ban sani ba, da yau ba ni da tarihin rubutawa. Amma na dubi yadda kunnenta ya miƙe kamar na zomo, sai shaiɗanin ban dariya ya hau kaina. Na waiga hagu, na waiga dama.

"Mama, kada ki gaya wa kowa. Burukutu take dafawa a bayan kicin. Tukunya uku."

"Yesu! Da karyayyar ƙafar?"

"Ai da sandar take juyawa. Ba kya ganin 'yan ƙauye suna zuwa wai dubiya, suna fita da jarka?"

Gaskiya ne suna fita da jarka, amma kunun Mamanmu ne a ciki, na hanya. Na taho gida ina dariya har rabin ruwan ya zube a bayana. A raina na ce babu mai hankalin da zai yarda. Ashe ban san mutane ba. Kafin Lahadi tukunya uku sun zama tara. Kafin wata Lahadin an ce akwai mota mai zuwa daga Sabon Tasha tana lodi. Matan da ke rige-rigen gaishe da Kaka suka koma ɗaga mata hannu daga nesa. Shugabar zumunta, wadda ta saba cewa Kaka ta rufe musu taro da addu'a, ta fara kiran wata. Ni kuwa ina gani, dariyar tana raguwa, amma ban buɗe baki ba. Wata rana muna dawowa daga sujada Kaka ta tsaya a hanya, ta jingina da sandarta.

"Rifi, ki sunsuna ni."

"Kaka, lafiya?"

"Matan nan in sun zo gaisuwa sai su riƙa jan hanci a kaina kamar masu sayen daddawa. Ko tsufa ya fara wari ne?"

Na ce mata ba ta warin komai sai man zafi. Na kau da kai, muka ci gaba da tafiya.

Ana haka, wata Alhamis da yamma, sai ga Rabaran da kansa a gidanmu. Baba malamin makaranta ne, kuma yana cikin masu hidimar teburin Jibi, mutum ne da ko takalminsa ba ya yarda ya yi ƙura. Da ya ji abin da ya kawo Rabaran, sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar sau uku. Ni ina laɓe a bayan tankin ruwa, ina roƙon ƙasa ta tsage. Rabaran ya zauna kusa da Kaka a gindin mangwaro, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya faɗi maganar da ke yawo. Kaka ta fashe da dariya har dasashinta ya bayyana. Sai dariyar ta tsaya a tsakiya. Ta dubi hannuwanta.

"Hannun nan ne suka ce? Hannun da ya tsufa a cikin kofunan Ubangiji?"

"Ni ban yarda ba, Mama Saratu," in ji Rabaran. "Shi ya sa na zo da ƙafata. Amma ki taimake ni, me ya sa kike zama?"

"Ban shirya ba, ɗana. Ku a gari Jibinku kamar kasuwa yake, kafin mutum ya juya ya sake ci. Mu a gida wata uku muke da shi na shiri."

"Mama, ai ba don ya fi tsarki ake jiran wata uku a ƙauye ba. Masu rabawa ne ba su isa ba. Magabatanmu so suka yi a riƙa ci a kai a kai, da da hali ma kowane mako. Abinci ne na masu yunwa, ba kyautar wanda ya zo na ɗaya a aji ba."

"Na ji, ɗana. Amma ko abinci ne, ai ana wanke hannu."

Rabaran ya miƙe, ya yi mata sallama. Da zai tafi ya ce wa Baba, a hankali, wai an ce daga cikin gidan nan maganar ta fito. Baba ya tara mu ya tambaya. Yohanna ya rantse har da hawaye, shi da bai san komai ba. Ni na dubi silin kamar an rubuta amsar a can. Dalilin shiruna kuwa ga shi: ina cikin ajin shirin fara cin Jibi, kuma Lahadin farko mai zuwa ce ranarmu. An riga an ɗinka mini farar riga mai hannu kamar fukafukan mala'ika. Na san in na buɗe baki, rigar nan sai dai ta ci gaba da zama a ƙusa.

Ranar Asabar, jajibirin ranarmu, ina guga a tsakar gida, sai na ga Kaka ta fito ta yi wanka, ta ɗaura zaninta mai tsabta. Ban taɓa ganin zagayenta da idona ba, labari kawai nake ji. Ta taho tana dogara sanda, ƙwas, ƙwas, ta wuce ɗakin Baba, ta wuce kicin, ta tsaya a gabana. Ta ja kujera 'yar tsugunne ta zauna da ƙyar, har kanta ya yi ƙasa da nawa.

"Rifkatu, na zo ki yafe mini."

Dutsen guga ya kusa faɗo mini a ƙafa.

"Tun ranar da Rabaran ya zo na san ke ce. Wa zai ce da sanda nake juya burukutu in ba jinina ba? Kwana tara ina riƙe da ke a zuciya. In kin kawo mini abinci, ina ce miki sannu a baki, a ciki ina ce miki 'yar banza. Gobe za ki teburin Ubangiji, ba na so ki je da fushina a bayanki. Ki yafe mini."

Ku 'ya'yana, an sha dukana a duniya. Na san muciya, na san silifas, na san bulalar makaranta mai sa mutum ya tuna sunan kakan kakansa. Babu wanda ya shige ni kamar wannan. Na yi kuka har majina ta sauka a kan farar rigar. Da na sami numfashi, na tashi na je na gaya wa Baba da bakina. Daga nan na wuce coci, inda zumuntar mata ke share-sharen gobe, na tsaya a gabansu, na ce babu tukunya tara, babu uku, babu ko ludayi, ni na ƙirƙira don in ga kunnen Maman Dogara ya motsa. Maman Dogara ta ce ita dama tun farko ba ta yarda ba. Rabaran ya saurare ni har ƙarshe, ya ce na yi daidai da na faɗa, amma zan dakata sai aji na gaba. Bai yi tsawa ba. Na so ma a ce ya yi.

Washegari ƙawayena suka fita cikin fararen kaya, suna tafiya kamar ba su taɓa satar mangwaro ba. Ni ina benci cikin tsohuwar atamfata, kusa da Kaka. Na ɗauka yau kam za ta tashi, tunda an wanke sunanta, matan ma tun safe suke layin ba ta haƙuri. Layi ya tashi, Kaka ba ta motsa ba. Muka zauna mu biyu kamar waɗanda mota ta bari a tasha.

"Kaka," na raɗa mata, "ai kin yafe mini. Me kuma ya rage?"

"Tabita ta rage."

Bayan an tashi ta ba ni labarin. Tabita maƙwabciyarta ce a ƙauye, ƙawarta tun suna 'yan mata. Lokacin da Kaka ke kwance da karaya, ana jiran motar Baba, saura kwana biyu Rabaran ya zo ƙauye. Tabita ta shigo ta ce a ba ta makullin akwatin kofuna ta wanke. Kaka, ga zafin ƙafa ga zafin rai, ta kwance makullin ta jefe ta da shi, ta ce dama jira take ta mutu ta gaji aikin. Mota ta zo, aka tafi da ita, ba su sake haɗuwa ba.

"To ba sai mu kira ta a waya ba?" na ce.

"Tabita ko tsawa aka yi sai ta ce wa ke sallama. Kuma da hannu na jefe ta, ba da waya ba."

Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya wa Baba ba. Ta ce ta roƙe shi sau biyu ya kai ta gida, ya ce damina ce, hanya ta lalace, ƙafa ba ta gama warkewa ba, ita kuwa kunya ta hana ta gaya wa ɗan da ta haifa cewa ta yi rashin kunya. Na ƙirga a yatsu, na ga saura mako uku Jibin ƙauye ya zagayo. A nan ne bakin nan nawa, wanda ya jawo duk masifar, ya sami aikin kirki karo na farko. Na bi Baba da magana. Yana aske gemu ina bayansa, yana gyaran takardun ɗalibai ina gefensa, har ƙofar bayi na raka shi ina kawo hujja. A kwana na biyar ya ɗaga hannu sama ya ce zai kai mu, in dai zan yi shiru daga nan har Godogodo. Na yi alkawari. Na cika shi har kusan fita gari.

Mun isa ranar Asabar da hantsi, bayan mun tura mota a taɓo sau biyu, Kaka na ciki tana ba da umarni. Ba ta yarda ta shiga gidanta ba. Ta dafa kafaɗata muka nufi bayan coci, inda muka tarar da wata 'yar tsohuwa a tsugune gaban kwano, tana wanke ƙananan kofuna ɗaya bayan ɗaya, tana kifewa a kan tire. Ta ɗago, ta ƙanƙance ido.

"Tabita, na zo ki yafe mini!" Kaka ta faɗa da ƙarfin da ya tashi tsuntsaye daga kan rufi.

"Saratu? Ba ki mutu ba?"

"Na ce ki yafe mini!"

"Na ji, ba kurma ba ce ni! Ke za ki yafe mini. Mutum na kwance da karaya na zo ina tambayar makulli, ko sannu ban gama yi ba." Ta share hannu a zani, ta kwance makullin daga bakinsa. "Ungo kayanki. Sau biyu Rabaran yana zuwa, ina wanke kofin da ba na sha. Na ce ba zan durƙusa ba sai na gan ki."

Kaka ta saki kafaɗata ta kama tata. Suka rungume juna suna kuka suna zagin juna da yarenmu, wannan ta ce wa waccan mai taurin kai, waccan ta ce wa wannan uwar masu taurin kai. Baba ya juya baya yana goge tabarau. Kaka ba ta karɓi makullin ba. Ta mayar da shi bakin zanin Tabita ta ɗaure da hannunta, sannan ta zauna ta ce a miƙo mata kwanon ɗauraya, don wai Tabita ba ta taɓa iya wanke gindin kofi ba. Washegari Rabaran na ƙauye ya iso a kan mashin, wandonsa duk taɓo. Cocin ya cika har tagogi. Ina daga baya na ga tsofaffin nan biyu sun fita gaba, kowace tana riƙe da 'yar'uwarta kada ta faɗi.

Tun daga nan Kaka ba ta sake zama ana Jibi ba. Ta ce ta yi tunanin maganar Rabaran namu na gari, ta ga in mutum yana wanke hannu kowane wata, dattin ba ya taruwa, zagayen ma ba ya kai ta yamma. Sai dai ta ɗora wa gidanmu duka wannan doka. Duk Asabar ta jajibirin Jibi, kowa sai ya bi kowa. Na ga Baba da idona yana ba Mamanmu haƙuri a kan maganar gishirin miya. Ni kuwa da aka haifa da laifi a baki, sau goma sha biyu a shekara nake zagaya unguwa, har karnuka sun san ranar. Kwanan nan na ji Rabaran yana cewa yana so a koma yi kowane mako. In haka ta faru, ku nemo mini keke.

Na gode wa Allah da ya ba ni kakar da ta san laifina sarai, ta kuma zo ta zauna ƙasa da ni. Na gode wa Rabaran da ya hana ni sa farar rigar nan a ranar da na so, don da na sa ta, da ban zauna a bencin da na ji sunan Tabita ba. Har Maman Dogara na gode mata, ko da yake ita sai na daure.

Ranar da tawa ta zo, rigar ta ɗan matse ni, tabon majinar ma bai gama fita ba. Kaka ta ƙi bin layin mata, ta ce tare da ni za ta fita. Ta dafa kafaɗata muka durƙusa, gwiwarta tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Rabaran ya sa mini gurasa a tafin hannu, na ci. Aka kawo tire, na ɗauki ɗan kofin, idona ya cika, ina ta ƙoƙarin in yi tunani mai tsarki. Sai na ji gwiwar hannu a haƙarƙarina.

"Sha a hankali," Kaka ta raɗa mini. "Ba irin nawa ba ne."